Ranar da Na Katse Jegon Zulai

Da sunan Allah mai rahama nake farawa, Shi da ya ja kwanana har na ga jikoki, ya kuma bar mini hankalin da zan miƙe abin da baki ya lanƙwasa.

'Ya'yana, abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi wata magana ce da na tsinta a wajen suna a Atonsu. Ina bayan labule ina cin shinkafa da wakena, sai na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ta san kanta, tana ba ƙawayenta labari. Wai Mma, wato ni, tun tana budurwa ba ta da sauƙi, wai da ta gama karatun likita kanta ya yi girma har ta kori Gwaggo Asabe daga gidan Malam, ta kuma kifar mata da ruwan wankan jego a gaban mutane. Suka yi dariya, ni ma na yi tawa a ciki. To ku buɗe kunne. Ban kori kowa ba, ban ma isa ba. Ruwan kuwa na kifar da shi, wannan gaskiya ne, kuma da za a sake ɗora shi yau, da wannan gwiwar tawa mai ciwo zan lallaɓa in sake kifarwa.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin likita a garin nan, goman ƙarshe ina cikin masu zama su gwada ɗalibai kafin a sake su cikin jama'a. Duk shekara sai mun yi gardama a kan abu ɗaya: me ya wajaba wanda ya fito daga makarantar likitanci ya sani kafin a damƙa masa ran mutum? A rubuta takarda, a soke, a sake rubutawa. Ya san lafiyayyen jiki kafin ya san mara lafiya. Ya san ta inda cuta ke shiga da irin ɓarnar da take yi, ya san magani da gwargwadonsa da illarsa, ya kuma iya haɗa abin da ya ji da abin da ya gani ya yanke hukunci. Duk daidai ne, ni ma na sa hannu a kai. Sai dai ni tawa amsar a tsakar gidanmu na Zongo na same ta, a shekarar da na gama makaranta, kuma saura ƙiris ta iso mini bayan an binne ƙanwata Zulai.

Gidan Malam kun san shi, ko da yake yanzu an ɗora masa bene. A lokacin ɗakuna goma sha biyu ne kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, kwanon rufi mai yoyo. Goro ne ya kawo kakanmu daga Kano ya zaunar da shi a Kumasi, amma mahaifina, Malam, littafi ya riƙe. A zaure yake karantarwa, 'yan kasuwa su ɗauki darasi da safe kafin su tafi buɗe shaguna a Adum, su dawo su ɗauki wani bayan azahar. Rabin gidan 'yan haya ne, Dagomba da Mosi da wata Ba'ashantiya mai sayar da dokunu, tuwon masararsu mai tsami, saboda haka a bakin famfo za ka ji an fara faɗa da Hausa, an ci gaba da Twi, an rufe da Turanci. Inna, mahaifiyata, mace ce mai sanyi, ko kaza ba ta kora da ƙarfi. Mai gidan ta ɓangaren mata ita ce Gwaggo Asabe, yayar Malam, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta.

Ina so ku san Gwaggo yadda take, don na ga kun mayar da ita wata muguwar tsohuwa ta tatsuniya. Ungozoma ce, ita ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, har da tawa. Da tafin hannu take gane ɗa ya zo a gicciye, kuma na sha ganin ta ce da mutane su nemo mota a tafi asibiti, wannan ba aikinta ba ne. Ba jahila ba ce. Sa'ad da dattawan masallaci suka taru a kan Malam wai 'yar malami ba ta zuwa makarantar boko ta yanka gawa, ita ta ɗaura gyale ta tsaya a bakin zaure.

"Sani," ta ce da shi, don ita kaɗai ke kiran sunansa, "yarinyar nan hannun magani gare ta. Ka bar ta ta je. In da zunubi a rubuta a kaina."

Da wannan maganar na tafi. Ku riƙe wannan, don ku san wadda na yi wa abin da na yi.

Alfaharin Gwaggo a duniya shi ne jego. A ganinta sanyi ne ke kashe maijego, kuma maganin sanyi wuta. Kwana arba'in, safe da yamma, za a tafasa ruwa a rabin duro, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa wa mace har fatarta ta yi ja. Da yake ba mu da gadon ƙasa irin na arewa, sai ta tura kulfot, wato murhun ƙarfe, cike da garwashi ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta rufe taga da bargo. Sannan ga kunun kanwa, ba irin wanda ake ɗan barbaɗa masa ba. Jar kanwa ungurnu take sa a kawo mata daga arewa, ta dama kunun har ya yi kauri ya yi duhu, a cika ƙwarya, maijego ta shanye da safe, ta shanye da yamma, wai nono ya kawo, ciki ya wanku. Mata masu yawa sun bi ta hannunta sun tashi garau, ba zan hana ta wannan ba.

A damunar shekarar na yi jarrabawar ƙarshe. A gwajin gaban gado aka ba ni wani tsoho mai ciwon zuciya, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Na yi ta zuba bayani, yadda zuciya in ta gaza jini ke taruwa a baya, yadda ƙoda ke riƙe gishiri, gishiri kuma ya riƙe ruwa, ruwan ya sauka ƙafa ya hau huhu. Babban likitan da ke gwada mu, wani dattijo Ba'ashante da muke kira Papa a bayan idonsa, mutumin da murmushinsa ya fi ruwan rani wuyar gani, sai da ya gyaɗa kai sau biyu. Na dawo Zongo ina jiran a kira mu fara aiki, ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Yara na kirana Dokta, ni kuwa ina amsawa tun kafin su rufe baki.

Na tarar Zulai ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, namiji, an yi suna kwana biyu kafin isowata. Shekararta goma sha tara. Ita ce siririyar gidanmu, har muna mata tsiya wai iska za ta ɗauke ta. Sai ga ta ta yi ɓul-ɓul, kumatu sun ciko, awarwaro ya matse hannu. Duk matar da ta shigo barka sai ta yaba.

"Masha Allah, jego ya karɓe ta paa, sosai da sosai. Gwaggo, hannunki da albarka."

Ni ma haka na ce. Ku ji da kyau, ni da takardata, na dubi ƙanwata na ce jego ya karɓe ta. Tana tari, na ce hayaƙin gawayi ne da mura, har na hau tasi zuwa Adum na sayo mata maganin tari mai zaƙi. Na ga ta jera matashin kai uku tana barci a jingine, na ɗauka don sauƙin shayarwa ne. Da a ce tana salla, da tun ranar farko an ga ba ta iya sujada, to amma maijego ba ta salla, babu wanda ya ga ta kai goshi ƙasa. Kwana goma sha huɗu na yi a gidan ina shiga ɗakinta ina fita. A asibiti, da an kwantar mini da ita a gado mai lamba, da minti biyu ya ishe ni. A gida kuwa idon 'yar gida nake kallonta da shi, na bar idon likita a makaranta. Har yau in na tuna kwanakin nan sai na ji kunya ta kama ni.

Ranar da ta cika kwana ashirin da uku, bayan azahar, ta ce in yi mata kitso, kanta ya dame ta. Muka fito baranda, na zauna a kan turmi, ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna. Gwaggo na can bakin murhu tana iza wuta a ƙarƙashin duron wankan yamma. Na tsaga gashin, na kama na gaba, na ce ta kwanto da kanta a cinyata. Ta kwanto. Ban kai ga kitse rabin layi ba ta yunƙura ta tashi zaune, ta dafe ƙasa da hannu biyu, tana jan iska da baki.

"Yaya, bari... in na kwanta... sai in ji kamar an danne ni cikin ruwa."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan suna. Gwaggo ta ce... sanyi ne bai gama fita ba. Ta ƙara kanwar."

Jimla ɗaya sai da ta yanka ta uku kafin ta kai ƙarshe. Daga inda nake zaune a bayanta ina kallon gefen wuyanta, sai na ga jijiyar jini ta cika ta miƙe har ƙarƙashin kunne, tana harbawa, alhali tana zaune a miƙe. Na sauko na durƙusa a gabanta, na ɗage zaninta, na danna babban yatsana a kan ƙashin ƙwaurinta, na ƙirga goma, na ɗauke. Ramin ya zauna yadda na bar shi, kamar an danna tuwo. Ƙiba ba ta yin haka. Na shiga ɗaki a guje na ɗauko abin sauraron ƙirjina, wanda tun da na dawo yake cikin akwati sai in yara sun roƙa a nuna musu. Na ɗora a bayanta. Ƙasan huhun nan biyu duk ƙarar ruwa ce, har ta hau rabi. Zuciyar na gudu, ga wani bugu na uku da bai kamata a ji ba. Na danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ta yi ƙara. Tsohon nan na jarrabawa ne sak, sai dai wannan Zulai ce.

A nan ne karatun shekara shida ya haɗu mini wuri ɗaya. Kanwa gishiri ce, ko da ba a jin ta kamar na miya. Ƙwarya biyu kullum, kwana ashirin da uku, jiki na tara ruwa. Ga zafin wanka da zafin gado na sa zuciya aiki ba dare ba rana, zuciyar da ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba. Ruwan da ke tafasa a bakin murhu, in aka fyaɗa mata shi a wannan halin, ban da tabbacin za ta fito daga banɗakin da ƙafarta.

Na je wajen Gwaggo na durƙusa. Ina so ku san na durƙusa, don wannan ba ya cikin labarin da kuke bayarwa.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, yau kada a yi wa Zulai wanka. Ba ƙiba ta yi ba, ruwa ne a jikinta. Zuciyarta ce ta gaza. Asibiti za mu yanzu."

Ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da gyara itace.

"Maijego ba ta fita kafin arba'in. Iska ta buge ta a hanya, wa zai ɗauki alhakin?"

"Ni zan ɗauka, Gwaggo."

"Ke? Jiya-jiya na wanke ki a cikin wannan duron. Uwarki ma ni na wanke ta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sanyi ne, in ya ji wuta zai fita. Tashi ki ba ni wuri, 'yar sukuu, 'yar boko kawai."

Na juya wajen Inna, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Kunyar yayar miji ta ɗaure ta, ban kuma ga laifinta ba. Gwaggo ta ɗauki ganyenta ta kira Zulai, ita kuwa baiwar Allah ta kama ginshiƙi tana ƙoƙarin miƙewa, don ba ta taɓa musa wa babba ba. Taku uku ta yi ta tsaya tana haki. Ban san sa'ad da na ɗauki taɓarya na sa a bakin duron na tura ba. Ruwan ya kife a kan wutar, tururi ya turnuƙe tsakar gida, ya gangara kwata. Matan haya suka fito cirko-cirko. Mai dokunu ta dafe kai ta ce wani abu da Twi wanda ba zan rubuta muku ba.

Gwaggo ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ajiye ganyen a kan turmi, ta ce a kira mata Sani.

Malam ya shigo da littafi a hannu, yatsansa na cikin shafin da ya tsaya. Ya saurari yayarsa har ta gama. Ya dubi ruwan da ke kwance, ya dubi Zulai da ke jingine da ginshiƙi. Sannan ya juyo gare ni, ya yi mini tambayar da ta fi duk wadda aka yi mini a makaranta wuya.

"Rakiya, abin da kika faɗa, sani kika yi ko zato kike?"

Na san in na ƙara gishiri don in tsorata su zai gane, mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana rarrabe magana mai tushe da mara tushe. Sai na raba masa shi gida-gida.

"Baba, ruwa a huhunta, na sani, na ji da kunnena. Zuciyarta ta gaza, na sani, alamu huɗu na gani, kowacce na iya nuna maka. Cewa kanwa da zafi suna ƙara mata nauyi, na sani, don na san abin da gishiri ke yi a jiki. Ko su kaɗai suka jawo, ban sani ba, yana samun matan da ba su taɓa shan kanwa ba. Ko za ta tashi in mun kai ta, wannan ma ban sani ba. Amma akwai maganin da ke fitar da ruwan, kuma babu shi a gidan nan."

"Nuna mini ɗaya."

Na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi ba tun ina ƙarama, na ɗora yatsansa a ƙwaurin 'yarsa na ce ya danna. Ya danna, ya ɗauke, ya tsaya yana kallon ramin da yatsansa ya bari.

"A wurinmu," ya ce, "malamin da bai taɓa cewa bai sani ba, ba a karɓar fatawarsa. Ta ce ta sani sau uku, ta ce ba ta sani ba sau biyu. Yaya, ki gafarce ni, zan bi yarinyar nan. A nemo mota."

Ita ce rana ta farko da ya saɓa wa yayarsa a gaban mutane, kuma na ga abin da hakan ya yi masa a fuska.

Direban tasin da aka samo wani Bamoshe ne da ke lodi a Oforikrom. Da ya ga an fito da maijego a lulluɓe, a zaune, ni ina riƙe da ita, Inna na rungume da jariri, sai ya ce da gurguwar Hausarsa:

"Hajiya, yarinya nan ya gaji paa. Kar ka damu koraa, ko kaɗan, ni zan tuƙa sannu-sannu."

Na ce masa ba sannu nake so ba, ya taka.

Allah ya sa Papa ne ke zagayen yamma a babban asibiti. Ya gan ni da zanin gida da silifa, gashina ba ɗankwali, ya ɗaga gira. Na ba shi bayani a tsaye yadda ya koya mana, a taƙaice, abin da ta ce, abin da na gani, abin da nake ganin shi ne. Ya saurari ƙirjinta da kansa, ya sa aka kawo iskar numfashi, sannan ya juyo kamar muna ɗakin jarrabawa. Wace allura za a fara da ita? Na faɗa. Nawa? Na faɗa. In ruwa ya fara fita, me za a sa wa ido a jininta? Na faɗa. Sai ya ce, yarinya ƙarama haka, ba ta da tarihin ciwon zuciya, me ya tara mata wannan ruwan duka? Na ba shi labarin duro da kulfot da ƙwaryar kunu. Ya ce su ma suna sa kanwa a miyar kuɓewa, ɗan mitsitsi. Na kwatanta masa da hannu girman dunƙulen da Gwaggo ke jiƙawa kullum. Ya cire tabarau.

"Shekara nawa nake ganin matan Zongo suna zuwa mini da wannan bayan haihuwa," ya ce. "Ina tambayarsu ko suna cin gishiri da yawa, su ce a'a. Ban taɓa tambayar kunu ba."

Ya sa aka kira nas-nas da ƙananan likitocin ɗakin, ya ce in maimaita musu. Ni da ko lambar aiki ba a ba ni ba, na tsaya da silifa ina koya wa waɗanda suka girme ni. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, kuma har yau ina jin daɗinsa. Da na gama na miƙa hannu zan karɓi allurar, sai ya janye ta.

"A'a. Aikinki kin yi shi a gida. A nan ke yayarta ce. Je ki karɓi jaririn, mahaifiyarki ta gaji."

Na so in yi musu, na haɗiye. Daga baya na gane wannan ma yana cikin abin da ake so likita ya sani, inda hannunsa ya kamata ya tsaya.

Kafin magariba ruwa ya fara fita. Kwana uku ana auna fitsarinta ana zubarwa, kumatun da aka yi ta yabo suka zube, awarwaro ya sauko har gwiwar hannu, siririyarmu ta dawo. Hoton ƙirji ya nuna zuciyar ta buɗe ta yi girma, Papa ya ce sai a hankali, wasu takan koma daidai, wasu ba ta komawa. Kwana goma sha biyu ta yi aka sallame mu da ƙwayoyi da dokar hana gishiri. Ta dawo gida da matashin kai biyu, don har lokacin ba ta iya kwanciya sosai.

Ba mu tarar da Gwaggo ba. Washegarin ranar da abin ya faru ta ɗaure kayanta ta koma wajen ɗanta a Atonsu, Malam ya bi ta har sau uku, ta ce gidan da yara ke kifar da ruwan manya ba wurin zamanta ba ne. Unguwa ta rabu biyu a kaina. Wasu suka ce na ceci rai, wasu suka ce boko ya cire mini kunya, akwai gidan da aka daina amsa sallamata shekara guda. A hankali mata suka fara rage kanwa, suna sirka ruwan wanka, masu kiran Gwaggo jego suka ragu, har ta ajiye aikin. Na san ni na karɓe mata shi. Duk salla sai na je gaishe ta da turmin atamfa, ta amsa mini yadda ake amsa wa baƙuwa, lafiya lau, madalla, ta juya ta ci gaba da jan carbi. Shekara shida muna haka har Allah ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ni kuwa na roƙe ta gafarar taɓaryar da gaban mutanen, amma ban iya cewa na yi kuskure ba, don da na faɗa ƙarya ce. Wannan ciwon yana nan tare da ni, matar da ta tsaya mini a bakin zaure ta tafi tana fushi da ni. Ku riƙa sa ta a addu'a, kuma kada in sake jin wani ya yi dariya da sunanta.

Bayan an sallamo Zulai aka kira mu aiki, na shiga zaryar asibiti, ina fita da sassafe in dawo a gajiye. Kullum in na shigo sai na leƙa ɗakinta, in duba wuya, in duba ƙafa, in ɗora abin sauraro, har ta fara mini tsiya wai ta gaji da likitan da ba ya sallama. Wata ranar Juma'a, an kusa wata biyu da haihuwar, aka tashe mu da wuri, na iso gida da la'asar sakaliya. Ina cire takalmi Inna ta fito daga ɗakin Zulai, ta ɗora yatsa a baki, ta yafito ni da hannu. Na jefar da jaka na bi ta.

Taga a buɗe take, iska na kaɗa labule. Matasan kan nan biyu suna gefe a kan akwati. Zulai na kwance a tabarma a ƙasa, rigingine, kanta a kan tabarmar ba komai a ƙarƙashinsa, hannu ɗaya a kan cikin jaririn, baki a buɗe, har da ɗan minshari. Na durƙusa a gefenta ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, na ƙirga minti guda cur da agogon hannuna. Goma sha shida. Na sake ƙirgawa don kada son zuciya ya ruɗe ni, na sake samun goma sha shida.

Inna ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Tun azahar take haka, ban taɓa ganin ta kwanta a shimfiɗe ba tun da ta haihu. Na ji tsoro na kasa tashinta. Rakiya, lafiya dai ko?"

Shi ne karo na farko da mahaifiyata ta tambaye ni abu a matsayin wadda ta sani. Na so in yi mata bayanin huhu da zuciya, hawaye suka riga ni.

"Lafiya lau, Inna," na ce. "Barci take yi. Ki bar ta."